Jar Laka a Ɗakin Alhaja

Ban taɓa mantawa da ranar da na shafa wa ginin wani bawan Allah jan fenti ba tare da na tsaya na tabbatar da laifinsa ba. Tun da ku sababbin ma'aikata kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin shekarun da na yi a wannan aiki, to, shi zan ba ku, ko da yake ba ni ne na fita da kyau a cikinsa ba.

Abin ya faru ne a daminar farko bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina mataimakin jami'in duba gine-gine, mataki na shida, yankina ya kama daga wani ɓangare na Fagge zuwa layukan farko na Sabon Gari. Shugaban sashenmu wani dattijo ne marar yawan magana, kowa Injiniya yake ce masa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bari in ɗan yi bayani. Ba tsayin gini da ƙarfin ginshiƙi kaɗai muke dubawa ba. Da damina rabin aikinmu ruwa ne. Ƙa'idar ofis ita ce, mai gini ba zai jibge yashi ko tsakuwa ko ƙasa a bakin lambatu ba, kuma idan yana cike fili da ƙasa, dole ya tare gefen gangare da bulo ko buhunan yashi, don kada ruwan sama ya kwashi ƙasar ya kai wa maƙwabta. Wanda ya saɓa, matakai uku ake bi da shi. A fara yi masa magana da baki, sannan a ba shi takardar gargaɗi ta kwana bakwai. Idan ya yi kunnen uwar shegu, sai a shafa wa bangonsa jan fenti, ma'ana aiki ya tsaya cak har sai shugaban sashe ya sa hannu an ɗage.

A zamanin soja ba mai shigo mana ofis sai wanda takarda ta kawo shi. Da aka yi zaɓe sai ga kansiloli, kowa da jama'arsa a bayansa, kowa yana so a ga yana aiki. Mu kuma ba mu saba ba, ba mu san iyakar ikonsu a kanmu ba.

Wata Alhamis da la'asar aka tafka ruwa. Washegari Juma'a da sassafe sai ga kansilan mazaɓar ya shigo da mutum kusan goma. Matashi ne, bai fi wata biyu a kujerar ba. Injiniya kuwa ya yi tafiyar aiki, ni ne babba a sashen ranar.

Kansila ya ce, “Malam Sabo, kuna zaune a nan ruwa yana cin gidajen mutane? Jiya ya shiga gidan Alhaja Sikira har gwiwa. Wani Ibo ne yake gini a saman layin, ya toshe lambatu da yashi. Tashi mu je.”

Na ɗauki gwangwanin fenti da burushi na ɗaure a bayan babur na bi su.

Alhaja Sikira Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, bazawara, tana sarin yadi a Kantin Kwari tana sayarwa a gida. Na leƙa gidan nata a tsaitsaye. Tabarmi da katifu duk an baza a waje, bandir-bandir na yadi an jingine a bango suna ɗiga, katangar baya ta tsage tun daga ƙasa. Ban shiga ɗaki ba. Kansila yana ta cewa mu yi sauri kafin lokacin masallaci.

Gida huɗu daga nan, can sama kaɗan, muka tarar da ginin. Mai shi Mista Emeka, kafinta ne, ya yi shekara kusan talatin yana haya a Sabon Gari, wannan ne filinsa na farko. An kai gini linta, an kafa katako, an ɗaure rodi, saura zuba kankaren saman bene, wanda ya shirya yi washegari Asabar. Siminti yana jibge a wata rumfar kwano a gefe. Gaskiya kuma gefen tulin yashinsa ya zubo cikin lambatu, na gani da idona. Ganin nan shi ne ya rufe min ido daga sauran komai.

Da ya ga fenti a hannuna sai ya ajiye zarton da yake riƙe da shi, ya matso. Hausarsa tar, kamar ta kowane ɗan unguwa.

Ya ce, “Malam, ka ba ni yau kawai. Kafin azahar na kwashe yashin nan. Amma wallahi ba yashina ne ya shiga gidan Alhaja ba. Zo in nuna maka wani abu.”

Kansila ya ce daga bayana, “Babu abin da zai nuna maka. Kowa ya gani.”

Mista Emeka ya dube ni ya ce, “To, ina takardar gargaɗin? Ai na san sai an ba mutum kwana bakwai.”

Ya fi ni gaskiya, kuma na sani. Amma mutum goma suna kallona, kansila yana tsaye, ni kuma ina tunanin kada a ce ma'aikatan da suka yi wa soja aiki suna yi wa zaɓaɓɓu taurin kai. Na tsoma burushi na shafa alamar a bangon gaba, babba, na rubuta a dakatar da aiki. Jama'a suka yi ta sa wa kansila albarka. Mista Emeka ya juya ya sallami leburorinsa.

A ranar ya kwashe yashin da kansa, ya yashe lambatun tas. Ranar Talata aka sake yin ruwa, wanda bai ma kai na farko ba. Ruwa ya sake shiga gidan Alhaja.

Ranar Laraba Injiniya ya dawo. Ina cikin yi masa bayani sai masinja ya ce wata mata tana son ganin wanda ya shafa fenti. Alhaja Sikira ce, da ƙaramin kwano a rufe a hannunta. Ta gaishe mu, ta ɗora kwanon a kan teburin Injiniya ta buɗe. Laka ce a ciki.

Ta ce, “Yallaɓai, wannan daga ƙarƙashin gadona na kwaso ta. Wane launi ce?”

Injiniya ya ce, “Ja ce, Alhaja.”

“To, yashin Baban Ngozi fari ne, na rafi.” Haka ’yan layin suke kiran Mista Emeka, da sunan babbar ’yarsa. “Tun ranar Juma'a nake son in faɗa, ba wanda ya tambaye ni. An shigo gidana an fita kamar ana kallon kasuwa. Mutumin nan shi ya fara zuwa da bokiti yana taya ni kwashe ruwa. Ni na yi asara, na haƙura, daga Allah ne. Amma kada a ɗora wa wani alhaki da sunana.”

Da ta fita, Injiniya ya daɗe yana murza lakar tsakanin yatsunsa. Sannan ya ce, “Sabo, ka bi ruwan?”

Na ce, “A'a, yallaɓai.”

“To, me ka bi?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Kansila na bi.”

Bai yi min faɗa ba. Ya ce in ɗauko takalman roba, mu tafi.

Muka fara daga ƙofar gidan Alhaja, muka yi sama da ƙafa. Abin ko wahala babu. Jar lakar ta bar shaida a jikin kowane bango da kowane dakali. Ta wuce ta gaban ginin Mista Emeka ba tare da ta tsaya ba, ta karya kwana, ta haye zuwa layi na uku. Can muka tarar da wani babban fili an kewaye shi da kwanon rufi, ana ginin sito. Tifa-tifa na jar ƙasa aka zuba don a ɗaga filin, ba a tare ko'ina ba. Mafi muni, tsohon kwalbatin da yake ɗauke ruwan layukan nan ya kai shi babban magudani, an binne bakinsa gaba ɗaya. Ruwa ya rasa hanyarsa, sai ya kwashi ƙasar ya gangara inda ya fi sauƙi, gidan Alhaja kuma shi ne a ƙarshen gangaren.

Mai gadi ya ce filin na Alhaji Mamuda ne, dilan atamfa a Kwari. Kowa ya san yana cikin waɗanda suka tsaya wa jam'iyyar kansila. Na ce a raina, shi ke nan, canjin wurin aiki ya same ni.

Injiniya ya ce, “Wannan karon za ka bi ƙa'ida daga farko. Ka je ka same shi ka yi masa magana da baki. Ga takardar gargaɗi, ka riƙe a aljihu.”

Washegari na ratsa Kwari, cikin ’yan dako da turereniya, har shagonsa. Na jira ya sallami wasu baƙi, na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya saurara har na gama. Ya ce shi rabonsa da filin tun ranar da aka fara haƙa, ɗan kwangila ya bar wa komai. Sannan ya tambaya gidan wa ruwan ya shiga.

Na ce, “Gidan wata Alhaja Sikira.”

Ya ce, “Sikira mai yadi? Matar marigayi Alhaji Lamidi?” Ya yi salati. “Tun ina yaron shago take sari a layin nan.”

Ya tashi a take ya ce in shiga motarsa. Ya ga filin, ya ga kwalbatin, ya bi lakar da ƙafa har gidan Alhaja da babbar rigarsa. A gabana ya durƙusa ya ce, “Iya, ki yafe ni, ban sani ba.” Cikin kwana uku aka tone bakin kwalbatin, aka jera bulo a gefen gangare, ya kuma sa aka gyara mata katanga. Takardar da ke aljihuna ban ma fito da ita ba. Kansila ya zo ranar da ake tonon, ya tsaya a bakin rami yana ba da umarni, daga baya aka yi ta cewa shi ya gano matsalar. Ban ji haushinsa ba. Shi ma sabo ne a aikinsa, kuka aka kawo masa, ya ɗauka da zafi. Ni ne ya kamata in san abin da ya dace.

Saura Mista Emeka. Shafa fenti minti biyu ne, ɗage shi kuwa sai an rubuta rahoto, fayil ya zagaya, shugaba ya sa hannu. Kwana goma sha ɗaya aikinsa ya yi a tsaye, an yi ruwa sau huɗu a ciki. Injiniya ya ce masinja ya kai masa takardar ɗage dakatarwar. Na ce a'a, ni zan kai.

Na same shi zaune a kan benci a gaban ginin. Na miƙa masa takardar, na ce, “Mista Emeka, na zalunce ka. Ban ba ka gargaɗi ba, ban saurare ka ba, kuma laifin ba naka ba ne. Ka yi haƙuri.”

Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce, “Zo ka gani.” Ya kai ni rumfar kwanon. Feshin ruwa da danshin ƙasa sun shiga, buhunan siminti na ƙasa da na gefe duk sun daskare, ya buga ɗaya da guduma ya yi ƙara kamar dutse. Katakon da aka kafa ya lanƙwashe, rodi ya fara tsatsa, leburori sun kama aiki a wani wuri.

Ya ce, “Malam Sabo, ranar nan abin da nake so in nuna maka, jar lakar ce a jikin bangona. Taku biyar ne daga inda ka tsaya.”

Na tambaye shi ko yana so ya shigar da ƙorafi a kaina, zan nuna masa yadda ake yi. Ya girgiza kai.

Ya ce, “In an kore ka, simintina zai dawo gari? Ka zo da ƙafarka ka faɗi gaskiya, ban taɓa ganin ma'aikaci ya yi haka ba. Amma kada ka ce min ba komai, don akwai komai.”

Bai samu ya zuba kankaren nan ba sai bayan damina ta wuce, kuma sai da aka ƙara shekara biyu kafin ya tare da iyalinsa a gidan. Daskararrun buhunan kuwa bai zubar ba. Jera su ya yi a bakin lambatun, tun daga gaban gidansa har kusa da ƙofar Alhaja, suka zama kariya ga layin gaba ɗaya.

Na yi shekara goma sha tara a aikin bayan wannan, na dakatar da gine-gine da dama, wasu na manyan mutane, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba, domin kowanne sai da na taka da ƙafata har inda ruwan ya fara. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ginin da ya fi kusa da ɓarna ba lalle ne shi ya jawo ta ba, sau da yawa shi ne dai ya fi sauƙin kamawa. Matakan nan uku da kuke gani kamar ɓata lokaci, an sa su ne don su kare mai gini daga gaggawarmu. Kuma mutanen da muke yi wa aiki sun fi mu sanin layinsu. Idan mai gini ya ce muku ku zo ku ga wani abu, ku ajiye gwangwanin ku je ku gani.