Ranar da Jirgin Kaka Ya Dawo

Wata Alhamis ce cikin bazara, shekarar da haƙoran gabana suka gama fitowa. Mu shida muka raka Kaka filin jirgi daga unguwarmu Wulari: Baba, da ƙanensa Modu mai ɗinki, da maƙwabciyarmu Ya Falmata, da yayata Yagana, da ƙanena Bukar, sai ni. Kaka mahaifiyar Baba ce, a ɗakinta na tashi, ni ke zuba mata garwashin turare, ni ke share mata tsakar ɗaki. Hajji za ta, ta riga ta bi unguwa gida-gida ta nemi yafiya.

A lokacin ba katanga, waya ce kawai iya ƙugu. Muka tsaya gindin bishiyar maina muna ɗaga hannu har jirgin ya koma kamar shirwa. Ni dama tun ina ƙarama idona ba ya barin abu, ni na fara ganin farfela ɗaya ta tsaya, baƙin hayaƙi na bin fiffike. Na faɗa, Yagana ta ce in rufe bakina, mai mugun fata. Ba ta gama ba sai ga shi ya karkato yana zagaye gari, motar kashe gobara ta fito tana kaɗa ƙararrawa. Ya Falmata ta zube tana salati. Jirgin yana taɓa ƙasa taya ta fashe, ya ja ciki ya shiga yashi, ƙura ta tashi muka daina ganinsa. Can da ƙura ta lafa ƙofa ta buɗe.

Ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Wani tsoho ya sauko da takalmi ƙafa ɗaya ya faɗi yana sujada. Kaka ce ta ƙarshe, lafayarta ko karkacewa ba ta yi ba, tana ta faɗa wai an kifar mata da buta. Baba Modu ya tare ta da "Hajja, sannu da dawowa, ina tsarabarmu?" Ta kai masa duka da carbi, mu kuwa dariya har da hawaye.

Ma'aikata suka ce wani jirgin zai zo da safe. Baba ya ce a koma gida, bana ba rabo, Allah ya nuna mana. Kaka ta zauna kan kayanta ta ce, "Na yi sallama da ƙofata, ba na sallama sau biyu." Da ta ƙi zuwa gida sai gida ya zo mata. Aka kawo tabarmi da burabusko da miyar yakuwa, sauran masu rakiya ma suka kawo nasu, aka haɗa kwanuka ba a tambayi na wane ne ba. Mu yara muka ƙirƙiro wasan jirgi, Bukar ya buɗe hannu ɗaya ya saki ɗaya, ya yi ta zagaye yana faɗawa yashi. Ban taɓa cin abinci mai daɗin na ranar ba.

Kafin magariba Baba ya ja ni gefe ya ce, "Ke kaɗai ce Kaka ba ta iya ce wa a'a. Da safe ki riƙe zanenta ki yi kuka." Na fi shi son ta zauna. Amma lokacin da kowa ke ci na lura da ita, ta fuskanci gabas, tana ta jan carbi da sauri ƙarƙashin lafaya, ko loma ba ta kai ba. Tsoro take ji kamar kowa, kuma tafiya za ta yi.

Yanzu jiragen da ke wuce saman Wulari na yaƙi ne. Jikokina in sun ji ƙara sai su yi tsit su dube ni, masu rakiya kuma tun daga titi sojoji ke mayar da su. Yaran nan ba su san jirgi abin ɗaga wa hannu ba ne, wannan kuwa yana mini ciwo.

Washegarin ranar da jirgin Kaka ya dawo na riga Baba tashi. Na ɗaure wa Kaka kayanta tamau, na ɗora a kaina, na shige gabanta har gindin matakala. Baba yana hararata, ban waiwaya ba.