Kekuna da buhunan dashe

Shekarun baya masu nisa, lokacin da Nasara bai daɗe da sakin ƙasa ba, ina matashiyar mace a gidan mijina, wani ƙauye gabas da Cadawa. Ni ban shiga lakol ba, wato makarantar boko, jikata ce ke rubuta muku wannan, ni nawa faɗi ne.

Maigidana manomi ne ɗan manomi, amma Allah ya ɗora masa son keke. Da gyaɗar gayaunarsa ya saye shi. Da rani shi da abokansa sukan tashi tun da safe su yi Gidan Rumji su dawo, ba saye ba sayarwa, gudu kawai. Ni kuwa haushin keken nan nake ji, don man gyaɗar da nake ɓoyo saboda miya, a sarƙarsa yake ƙarewa.

Wata shekara, ana dab da faɗuwar damina, aka aiko daga Maraɗi ana neman samarin da za su je tsere ƙasar Ingilishi, wadda kuke ce wa Najeriya, su fara da Katsina su wuce Kano. Sunansa na ciki. Surukina, wanda gandun gidan ke hannunsa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, in ruwan shuka ya sauka kana can, wa za ya riƙe sungumi? Ni da bayan nan nawa?"

Maigidana ya ce, "Baba, sai in yi binne kafin in tahi."

Binne shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa a rufe, ya jira ruwa. In ruwan farko mai ƙarfi ne, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro ya mutu. Mu kuwa ba mu da wani irin da za mu sake shukawa.

Tsoho ya ce, "Yi. Amma in gona ta ƙi, ƙarfen nan naka shi za ya ciyar da gida. Kasuwar Cadawa zan kai shi da kaina."

Haka muka yi. Yana gaba yana sara, ina baya ina zuba iri ina takewa da diddige. Ɓangaren kwari ya sara da zurfi. Da muka hau tudu, ranar tafiya ta matso, hankalinsa ya riga shi zuwa Katsina, sai saran ya zama taɓa ƙasa kawai. Na ce masa ramukan nan ba su da zurfi. Ya ce, "Ke dai zuba."

Ya tafi. Bayansa aka yi yayyafin da muke tsoro. Tudu ya yi kore shar, rana ta fito, ya ƙone a idona. Da ruwan gaske ya zo, kwari ya tashi lafiya, tudu kuwa babu ko tsinke. Rabin gandu ke nan.

Sai da gero ya kai taƙi sannan suka dawo, sun rame, sun yi baƙi. Bai zo na ɗaya ba, amma ya samu bargo da butar shayi. Ya ajiye su gaban Baba. Tsoho bai ko dube su ba, ya ɗauki sandarsa ya ce, "Mu je ka ga naka aikin." Da suka komo ya ce lokacin shuka ya wuce, ranar kasuwa mai zuwa keke zai tafi.

Ni da nake ƙin keken nan, ya kamata in yi murna. Amma na ga mutumin ya zauna yana goge shi da bakin rigarsa, bai ci tuwo ba. Lokacin kowa na cirar gero, ana rage cunkoson tsiro a kowane rami ana zubarwa. Na ce masa, "Abin da mutane ke zubarwa, mu shi muke nema. Mu yi dashe."

Ya ce namu na kwari ba zai rufe tudu ba, na maƙwabta kuma sun riga sun cire. Na ce, "Abokan gudun naka ba su da gonaki? Na Gangara da sauran ƙauyukan, ai ruwansu ya makara, yanzu za su cire."

Baba da ya ji, ya girgiza kai. "Ɗiyata, dawa ke jure dashe. Gero in ya sha rana a hanya, ya gama. Daga Gangara kafin jaki ya iso, ciyawar awaki za ki karɓa."

Na ce, "Baba, ba jaki za ya kawo ba."

Maigidana ya zagaya ya gaya wa abokansa. Muka jira ruwa. Da ya sauka ƙasa ta jiƙu, washegari da hantsi sai ga su suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da jiƙaƙƙen buhu ɗaure a bayan keke, tsiro a ciki da ƙasarsa a saiwa. Rairayi ya kama ƙafa, sun yi taɓo har wuya. Wani dogo da maigidana ya wuce a Kano ya jefar da buhunsa yana haki, ya ce, "Yau dai na riga ka, mai butar shayi."

Wani ya ce masa, "Ka riga wa? Shi a gona ya kwana."

Ba su zauna ba. Su sauke, su sha fura a tsaye, su juya su ɗauko wani. Ni da matan gidan muna datse kan ganye, maigidana na huda ƙasa, muna dasawa muna takewa. Bayana ya ƙage, tafin hannuna ya fashe, ban miƙe ba sai da tudu ya rufu.

Kwanakin da suka biyo, dashen ya kwanta kamar ya mutu. Kullum da safe Baba zai je ya tsaya ya dawo. Wasu sun bushe, gaskiya. Amma mafi yawa suka ɗaga kai.

Ranar kasuwa ta zo. Tsoho ya sa babbar rigarsa, ya tsaya gaban keken ya daɗe. Sai ya kira jakinsa ya hau ya tafi shi kaɗai. Da la'asar ya dawo da sabuwar taya rataye a wuyan jaki. Ya jefa ta gaban ɗansa ya ce, "Ta baya ta suɗe. In za ka sake binne, ka sara da zurfi."

Maigidana ya ƙara zuwa tsere bayan wannan, har Wagadugu, kuma bai sake barin rami marar zurfi ba. Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, shi da Baba da dogon nan. Butar tana nan, ta huje, ina zuba irin kuɓewa a ciki. Jikokina in sun tambaye ni ko kakansu ya taɓa cin tsere, nakan ce musu e, sau ɗaya, a kan tudun gandunmu, kuma ni na busa musu usur.