Yau Gidan Wa, Yarema?

A ƙauyen Lozivka ba a cewa shanun wane, sai dai a ce cereda, wato garken gari duka, wanda ake tarawa da sassafe a bakin coci a damƙa wa makiyayi guda. Makiyayin nan kuwa, tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari fat, Yarema ne. Shi kansa ko akuya bai taɓa mallaka ba.

Al'adar ita ce duk gidan da ke da saniya a garke zai ciyar da shi in layi ya zo kansa, yau nan, gobe maƙwabta. Ko lokacin ƙanƙara da shanu ke ɗaure layin ba ya tsayawa, don shi ke kwashe musu taki. Cokalinsa na katako kullum yana soke a wuyan takalminsa. Bai taɓa ɗora tukunya ba, aure ma bai yi ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ku kuna fama da mace ɗai-ɗai, ni kuwa matan gari duka ke yi mini girki." Har gaisuwarsa daban take. Duk wanda ya gamu da shi ba ya tambayar lafiya, sai dai, "Yarema, yau gidan wa?"

Ya san kowane gida ta bakin tukunya. Horpina marowaciya miyar kabejinta ruwa ce tsululu, kana hango gindin kwano. Motriya kuwa, wadda ya so yana saurayi ya kasa buɗe baki har wani ya aure ta, takan ɓoye masa tsokar nama a ƙarƙashin dankali.

Sai samari suka fara tafiya ci-rani Poland. Tsofaffi suka gaji da tatsa, aka riƙa sayar da shanu ɗaya bayan ɗaya. Garke na raguwa, layi na saurin zagayowa, matan da da suke rububinsa suka koma tsaki.

"Kai kuma? Ba shekaranjiya ka ci a nan ba?" in ji Horpina.

"Ba ni na kawo kaina ba, layi ne."

"To, layin nan ciki gare shi."

Kafin kaka ita ma ta sayar da tata. Mutane ke nan, an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

A ƙarshe saniya ɗaya ta rage, ta Motriya, kuma kullum a gidanta yake ci. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Yarema bai taɓa jin daɗi irin na wannan daminar ba, ko da yake kunya takan kama shi in ya bi tsakiyar gari da bulala yana kora saniya guda. Ana haka ɗan Motriya, Ostap, ya zo daga birni ya ce ƙafafun uwar tasa sun gaza, zai tafi da ita. Ya kira motar mahauta.

Saniyar ta turje, ta ƙi hawa. Ostap ya ja, direba ya doka, a banza.

"Baba Yarema, taimaka mana, kai take ji."

Ya dubi Motriya, ta kau da kai. Sai ya yi ɗan fiton da yake yi wa saniyar kowace safiya, ya taka katakon da aka jingina ya hau motar. Ta bi shi, ita a tsammaninta kiwo za su.

Washegari da rana ya fito da cokalinsa a takalmi, don ƙafa ta riga ta saba. Gidan Motriya da kwaɗo a ƙofa. Ya bi titi a hankali, ƙamshin soyayyiyar albasa na fitowa ta tagogi, kuma ya san mai kowace tukunya. Babu wanda ya yi niyyar mugunta, kowa dai ya ɗauka wani ne ke ciyar da shi, kamar kullum.

Horpina na shanya a bakin shinge. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Yarema, yau gidan wa?"

Yunwa na cinsa. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙarshen titi, inda babu komai sai makiyayar da ciyawa ta cinye.

"Can gaba," in ji shi.