Manyan Baƙaƙe a Bakin Jakar Iri

Irin albasa ba ya nuna halinsa a tafin hannu. Na taɓa ba wani manomin Kajiji irin da ban gwada ba, ranin nan bai dasa ko fangali ɗaya ba. Tun daga nan, duk jakar da ta shigo ɗakin ajiyar ƙungiyarmu a Shagari sai na barbaɗa kaɗan daga cikinta a kan jiƙaƙƙen buhu. In ya tsiro, in fara lambar jakar da manyan baƙaƙe, LAM ta Lambara, KAJ ta Kajiji. Wadda ban gwada ba tana nan da ƙanana.

Da idona ya yi rauni, ɗiyata da ta karanta kwamfuta a Sakkwato ta kwashe lambobin cikin na'ura yadda na rubuta su.

Wata safiya mutanen Lambara suka zo da baburansu karɓar iri. Lokacin renon iri kafin dashe ya yi, wanda ya zuba mataccen iri ya rasa shekararsa. Ɗiyata ta rubuta wa na'urar umarni ta fito da duk lambar da ta fara da haruffan Lambara, ta shiga karanto mini. Can na ji wata jaka da aka kawo shekaranjiya.

"Tsaya, ɗiyata. Wannan ban jiƙa mata buhu ba."

Ta duba, ta yi dariya. "Baba, na'urar nan halin jikokinka gare ta. Ba ta san babba da ƙarami ba sai an gaya mata."

"To gaya mata. Su jikokin na gaji da faɗa."

Ta sake umarnin, ta kama yatsana ta ɗora a kan gilashin. Wannan gefen umarnin, in ji ta, yana cewa a duba farkon lamba kawai. Wancan kuma yana cewa LAM daban, lam daban. Ta danna, layukan suka ragu. Ta sake karantowa, babu jakar da ban san tsironta ba. Su aka ɗaure a baburan.

Da aka kusa dashe, aka goya ni a babur zuwa fadamar Lambara. Baƙaƙe sun fi ƙarfin idona, amma kore ina ganinsa. Wani dattijo ya taso daga bakin renonsa.

"Malam, wa ya zaɓo mana irin ga?"

Na ce, "Ni na jiƙa buhu, ɗiyata ta tace."