Farin da Muka Sayo a Shuwarin

Lokacin da keken ɗinki ya shigo Dutse ni na riga na tsufa. Nasara sun zauna a Kano, jirgin ƙasa ya iso, sai ga wani mutum ya dawo daga birni da wannan ƙarfe a kan jaki, ya kafa shi a bakin kasuwa. Taguwar da nake kwana da kwanaki a kanta da allura, shi kafin la'asar ya ninke ta ya miƙa. Masu kawo mini ɗinki suka riƙa sulalewa, kowa da irin ƙaryarsa. Ga ido ya fara yi mini hazo, sai na yi ta lalube kafin zare ya shiga kafar allura. Wannan kuwa ban gaya wa kowa ba.

Mutum ɗaya ya rage mini, aminina, wani Bafulatani da ya bar yawon kiwo ya zauna bayan unguwar Limawa tun muna samari. Rigar angoncinsa ni na ɗinka, kuma tun daga nan bai taɓa sa ɗinkin wani ba. Na san in shi ma ya koma wurin mai keke, to na ajiye allura ke nan, na zama tsohon da ake miƙo wa tuwo kawai. Abin yana cin raina.

Ran wata kasuwar Shuwarin ya yi mini sallama da hantsi.

"Kaɗo, ɗaura wa jakinka akumari, ka raka ni in sayi ƙyalle."

"Riga ko wando?"

"Kai dai taho."

Tun daga nan na sa masa ido. Mutumin da in zai yi riga sai mun yi mako muna musu a kan aikin wuya, aska biyu ko aska takwas, yau shi ne da "kai dai taho"? Da muka zo wucewa ta rumfar mai keke kuma, ya tsaya ya gaishe shi, har da tambayar iyali. Na ce a raina, to, ashe an saba. A hanya kowace inuwa muka samu sai ya sauka ya zauna yana tari, ni kuwa na ɗauka gudun hira yake yi kada bakinsa ya suɓuce.

A kasuwa muka fara da fatake masu kayan Nasara, akoko da alawayyo jibge a kan tabarma. Ya tsaya yana shafa alawayyo, fari sol, mai faɗi, irin wanda keke yake so. Na fizge bakin ƙyallen na murza, gari ya zubo, na lasa na tofar.

"Duk ƙullu ne. Wanki ɗaya ya zama rariya."

Mai kayan ya harare ni. Ko a jikina.

Muka wuce wurin masaƙa. Na zaɓar masa farin saƙar gida, zarensa a matse, hankalina ya fara kwanciya. Sai na ji yana tambayar masaƙin wai wanne ya fi jure ajiya a adaka, asu bai taɓa shi ba. Ajiya kuma? Wato zai ɓoye har in manta, sannan ya kai inda zai kai. Da aka zo awo ya faɗi kamun da yake so, na ga ba na riga ba ne, ba na taguwa ba. Kuma bai yi ciniki ba. Mutumin da yake taya allura kamar zai sayi bijimi, aka faɗa masa kuɗi ya kwance lalita ya biya, ko tari bai yi ba a nan.

Na gwada shi gwaji na ƙarshe. Na ce mu je wurin masu zare mu sayi zaren tsamiya na aikin wuya.

"Ba a bukata," in ji shi.

Ba a bukata mana, ai keke da zarensa yake zuwa.

Na haɗiye har muka baro gari. Da ya sake sauka a gindin wata ɗorawa, na kasa riƙewa. Na ce in ya ga na tsufa ya faɗa mini a fuska, ba ya jawo ni cikin rana in zaɓar wa wani ƙato ƙyalle ba. Na ce ya kai wa mai ƙarfen, ya ga ko ƙarfe ya san kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su da daɗin maimaitawa.

Ya bari na gama, sannan ya ɗora mini ƙunshin a cinya.

"Kaɗo, wautarka ba ta tsufa. Likkafani ake wa aska takwas?"

Na dubi farin. Kamun da ya faɗa ya dawo mini, na lissafa mayafi da zane da rawani, daidai. Ni da na ɗinka wa rabin unguwarmu irinsa, fushi ya hana ni ganewa.

"Tarin nan ba zai bar ni in ga kaka ba," ya ce. "Kai kuma idonka yana tafiya, tun bara nake ganin kana lalube. Ba na son ƙarfe ya taɓa shi. Ka ɗinka mini tun kana gani."

Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo bayanta. Sai na ce saƙar tana da kyau.

Washegari ya zo zaurena. Duk zamanmu a tsaye nake auna shi, ran nan ya shimfiɗa buzuna ya kwanta ya miƙe ƙafa. Na durƙusa ina bin tsawonsa da kamu, na ɓata lissafi na sake.

"Yi sauri, ƙasa da sanyi," ya ce.

Da na ɗauko allura na yi ta lalube kamar kullum. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya zura mini zaren.