Yaya Habibu da Cibiyar da Ba Ta Zo Karaye Ba

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Malam Habibu Turawa, malamin gona. Mu a gida Yaya kawai muke ce masa. Duk shekara idan an fara cirar gyaɗa nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai zuciya ta yi nauyi in fasa. Bana na daure, domin waɗanda suka san gaskiyar abin da ya same shi suna ta raguwa, masu yaɗa ƙaryar kuwa ba su gaji ba.

Mu 'ya'yan manoma ne. Yaya ne ya fara zuwa makarantar koyon aikin gona a danginmu, da ya gama kuma bai nemi kujera a birni ba. Ya dawo ya hau babur, yana bin ƙauyukan Karaye da Rogo. Abu ɗaya ne yake cin ransa: gyaɗar da ake nomawa a ƙauyukan Turawa da Zoza tana fita a buhu, ta dawo mana a jarka da sunan mai, da tsadar da manomin da ya noma ta ba ya iya saya. Matan Unguwar Hajji suna ɓarar gyaɗa da hannu har yatsunsu su yi kanta. Masu walda a Karaye suna iya ƙera inji, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su da manomi. Malaman kwaleji kuma suna da sabon iri a ajiye, ba su san gonar da za su gwada shi ba. Yakan ce mini, "Hauwa, kowa yana riƙe da guntun abin, ba wanda ya san na hannun ɗan'uwansa."

Sai aka ji gwamnati za ta tallafa a kafa cibiyoyin ƙirƙira a yankuna, da sharaɗin sai manoma da masu sana'a da makaranta da 'yan kasuwa sun haɗa gwiwa sun nema tare. Ranar da ya ji labarin, Yaya bai iya cin tuwonsa ba don murna. Abin da ya daɗe yana faɗa ana yi masa dariya, ga shi gwamnati ta faɗa da bakinta.

Haɗa mutanen nan bai zo da sauƙi ba. Na Rogo suka ce ai komai aka samu Karaye ake kaiwa. Na Karaye suka ce su ke da masu walda. Yaya ya yi ta kai-komo har aka daidaita: wurin ƙira a Karaye, gonar gwaji a Zoza ta ƙasar Rogo. Ina wurin ranar da dagacin Zoza ya tara dattawa, domin Yaya ya tafi da ni in yi magana da mata. Dagacin ya ce, "Malam Habibu, masu zuwa da mota mun ga su da yawa, ba mu san ko ɗayansu ba. Kai muka sani. In ka ce akwai, to akwai."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai, in Allah ya yarda."

A kan wannan maganar wasu magidanta suka ba da gonakinsu masu kyau na bakin hanya. A kanta kuma wani mai walda, Ɗanladi, ya rufe shagonsa ya zauna da ɗaliban kwaleji suna ƙera injin ɓarar gyaɗa. Na farko farfasa ƙwayar yake yi, matan Unguwar Hajji suka mayar musu da shi. Aka gyara, aka sake gyarawa, har ya fito da gyaɗa lafiya lau. Ban taɓa ganin malamin kwaleji a zaune kan tabarma yana sauraron mai ƙuli-ƙuli ba sai a lokacin.

Saura ɗan kasuwa, kuma Yaya da kansa ya kawo shi. Alhaji Nasiru abokinsa ne tun firamare, ɗan kwangila a Kano, wanda ya san ƙofar kowane ofis. A gidanmu ya girma, mahaifiyarmu ɗana take ce masa. Yaya ya ce a ba shi shugabancin kwamiti tunda shi ne zai riƙa shiga wurin manya, kowa kuma ya amince saboda Yaya.

Aka kai buƙatar, gwamnati ta amince. Aka zo aka kewaye gonakin Zoza da waya, aka kafa allo. Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. In Yaya ya kira Alhaji sai ya ce ana kan aiki. Wata safiya Yaya yana shan koko ya ji a rediyo za a buɗe cibiyar, da sunan Karaye da Rogo, amma a bayan garin Kano, a wani fili na Alhaji Nasiru.

Lokacin ina koyarwa a Kano, don haka na raka shi wurin bikin. Ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya ba shi kujera. A tsakiyar rumfa ga injin Ɗanladi, an yi masa koren fenti, an manna sunan kamfanin Alhaji a jikinsa. Yaya ya jira har aka watse, sannan ya tare abokinsa a bakin mota.

"Nasiru, me zan gaya wa mutanen Zoza?"

"Haba Habibu! Can babu wuta, babu hanya. Wane babba ne zai je Zoza? Ka ce musu su yi haƙuri, ana kan aiki."

"Gonakinsu fa?"

"Sun zama na shiri, ba a hannuna suke ba." Ya shiga mota, direba ya ja.

Muka juya muka kama hanya. Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. Mutanen ƙauye ba su san Alhaji Nasiru ba, Malam Habibu suka sani. Nan da nan magana ta bazu cewa an ba shi rabonsa ya yi shiru. A kasuwar Rogo ya miƙa wa wani dattijo hannu, dattijon ya kau da kai. Yaya bai ɓuya ba. Ya bi ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da ya faru, wasu su saurara, wasu su tashi su bar shi a tsaye. Ya bi ofisoshi yana roƙon a mayar wa mutane gonakinsu, kowane ofis ya tura shi na gaba. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Bai daɗe yana jinya ba. A jana'izarsa mutanen Zoza kaɗan ne suka zo. Alhaji Nasiru buhun shinkafa ya aiko.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Cibiyar tana nan, gini mai gilasai, ana ta tarurrukan bita a ciki. Na shiga bara. Matasa ne masu ladabi a gaban kwamfutoci, ba su da laifin komai, amma da na tambaye su wa ya ƙera injin da ke zaure, ba wanda ya sani, kuma ba wanda ya taɓa taka Karaye a cikinsu. Yanzu duk taron da ka je maganar haɗin gwiwa ake yi. Na san Yaya ba zai ƙi ta ba, shi da ya ba da ransa a kanta. Tambaya kawai zai yi, a hankali kamar yadda ya saba: wa aka haɗa da wa, kuma in abin ya nuna, wa zai ci? Gonakin Zoza suna nan cikin waya, ciyawa ta cinye su, masu su suna aron gona a wani wuri.

Kwanakin baya Alhaji Nasiru ya zo gidan Yaya, karo na farko tun rasuwar. An ce za a ci gaba da shirin, kuma sai an nuna mutanen yankin suna ciki. Ya gaishe da matar Yaya, Hajiya Rabi, ya ce suna so su sa wa babban ɗakin taro sunan marigayi, ita kuma ta taimaka a sake tara mata. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Alhaji, sunansa ba ya buƙatar ɗaki. Ku cire wayar nan ku ba mutane gonakinsu." Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

To me ya rage na Yaya? Ɗanladi yana ƙera injin nan har yanzu, ana zuwa saye daga ƙauyukan Rogo. Matan Unguwar Hajji suna sayen gyaɗa kai tsaye daga manoman Zoza, sun san juna da suna, suna zuwa wa juna biki da gaisuwar mutuwa. Wannan aikinsa ne, ba wanda ya iya ɗauke shi a mota. Amma akwai wani gadon mai ɗaci. Bana wani matashin malamin gona ya zo Turawa da iri mai kyau, ya kira taro, ba wanda ya fito. Yardar da Yaya ya tara a tsawon rayuwarsa an kashe ta, kuma ban san wanda zai sake tara irinta ba.

Ba zan ce na yafe ba, domin ban kai nan ba tukuna. Yaya dai Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Roƙona ɗaya ne. Idan jaridar nan ta faɗa hannun wani ɗan Zoza, don Allah ya kai ta ƙofar dagaci ya karanta wa dattawa da ƙarfi: Malam Habibu bai sayar da ku ba. Tare da shi aka sayar da ku.