Taubashin Mai Ruwan Garin Ɗan Baba

Gambo Ɗan Azumi yana da shekara hamsin da takwas, kuma shi ne ma'aikacin da ke kula da harkar ruwa a ofishin kwamin, wato ƙaramar hukuma, ta Madarumfa. Ɗan masunci ne. Mahaifinsa ya so ya gaji komar kamun kifi a bakin tabki, sai lakwal, makarantar boko, ta ɗauke shi ta ajiye a bayan tebur, inda ya ga shugabanni sun zo sun wuce har ya daina riƙe jerinsu.

Da aka ce ƙauyuka su miƙa famfunansu ga 'yan kasuwa su riƙa tafiyarwa bisa kwantara, wato kwangila, hukuma kuma ta sa ido, Gambo aka zaɓa ya zama idon. An kai shi horo Maradi, an kai shi Yamai. An koya masa yadda ake duba aikin ɗan kasuwa, da yadda ake yi masa gargaɗi, da lokacin da ake raba gari da shi. Jakunkuna masu tambari da ya kwaso daga tarurrukan sun yi yawa, har matarsa tana adana irin wake a ciki.

Wanda ya samu kwantarar ruwan Garin Ɗan Baba shi ne Illo, mai motocin ɗaukar kaya a Ɗan Issa, ɗan gwaggon Gambo. Taubasai ne ke nan. Gambo ya faɗa wa na gaba da shi dangantakar, aka ce babu wani da ya yi horon sai shi, ya yi haƙuri. Tun suna yara tsakaninsa da Illo tsiya ce da dariya, kamar yadda al'ada ta ba ɗan wa da ɗan ƙanwa: duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi, ba a kuma ɗaukarsa da gaske.

Shekarun farko ruwa ya zuba. Daga baya injin famfon ya fara tsayawa, bara kuma ya mutu ɗungurungum. Illo ya ce ana jiran kayan gyara daga Kano. Mata suka koma tsohuwar rijiya, masu hali suka riƙa sayen ruwa a bido, wato jarka, daga masu amalanke.

Gambo ya hau babur ya sami Illo a garejinsa, cikin direbobi ana shan shayi.

"Illo, injin nan ya kwana biyu. Kwantara ta ce gyara naka ne."

"Ku ji ɗan masunci," in ji Illo ga direbobin. "Kakanka cikin tabki ya sha, ya yi wanka, ya mutu da haƙoransa cif. Yau kai ne mai kwantara?"

"Kakan nawa ai shi ya haifi uwarka, mai kai kamar tulu."

Aka fashe da dariya, har da Gambon. Sai da ya kama hanyar gida ya gane ɓarnar da ya yi: tunda ya rama, maganar ta zama wasa. Ya koma, ya sake komawa, duk haka aka ƙare. Ya aika da gargaɗi a rubuce kamar yadda aka koya masa. Illo ya kai takardar wurin wani suna na dangi, ya karanta da irin muryar Gambo, tsofaffi na share hawayen dariya. Ba mugunta ba ce. Illo dai bai taɓa jin Gambo ya faɗi magana ta gaske ba, bai kuma ga dalilin da zai fara yanzu ba.

A watan jiya Zahara'u, shugabar matan ƙauyen, ta shigo ofis da gorar ruwa mai launin kunu, ta dire masa a tebur.

"Malam Gambo, an ce kai ne idon gwamnati. To, ga abin da 'ya'yanmu ke sha. Ka kalla."

Ya kalla. Abin da ya rage a ƙa'ida shi ne ya ba da shawarar a karɓe kwantarar, kuma ya san ranar da aka yi haka wasan ya ƙare. Kafin ya yi, ya tafi Safo wurin Gwaggo Ɗelu, mahaifiyar Illo, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar tasa uwar. Ya durƙusa ya gaya mata komai. Tana ɓarar gyaɗa ta tambaye shi.

"Kun taɓa faɗa?"

"Ba mu taɓa ba, Gwaggo."

"To za ku fara da furfura. Ban ce ka bari ba, ruwa ba abin wasa ba ne. Amma ka sani, in na mutu ku biyun za ku ɗauki makarata."

Ranar Litinin ya shiga wurin shugaban kwamin ya ba da shawarar. Aka ce za a aiki masinja ya sanar da Illo. Gambo ya ce a bar masa, shi zai je. Ya zuba mai a babur, ya kama hanyar Ɗan Issa.